Wai da gaske ne haihuwa a Amurka ta fi ta Turai haɗari?

Zainab (Maryland): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu, don abin ya tsaya min a rai. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ce a 2021 mata 1,205 ne suka rasu a Amurka sanadin ciki ko haihuwa, kusan 33 ke nan cikin kowace haihuwa 100,000. A 2023 adadin ya sauko zuwa 669, wajen 19. Amma daga 2022 zuwa 2023, yayin da na sauran mata ya ragu, na baƙar fata bai motsa ba: 50 ne, na fararen fata kuma ko 15 bai kai ba. Wannan fa a ƙasar da ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan lafiya. Norway a 2022 ko mace ɗaya ba su rasa ba. Mu da muka zo daga Kano da Damagaram da Kumasi, a takardar asibiti baƙar fata aka rubuta mu, babu wanda ya tambayi garinmu. Gaskiya ce, ko kuwa zuzutawar 'yan jarida?

Fati (Maraɗi): Wa alaikumus salam. Zainab ki yi haƙuri, amma wallahi sai da na murmusa. 19 cikin 100,000 ne abin tashin hankali? Ku zo ku ga yadda ake ɗauko mai naƙuda daga ƙauye a amalanken shanu cikin dare, a iso asibiti a ce babu jini, dangi su bazama neman mai bayarwa. Ku da kuna danna waya sai ga motar asibiti a ƙofar gida. Ku gode wa Allah kawai.

Dakta Maryam (Kano): Fati, ta wannan gefen ba ki yi ƙarya ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya sa Najeriya a 993 cikin 100,000, mata wajen 75,000 a shekara guda, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk waɗanda haihuwa ta kashe a duniya. Babu mai hankalin da zai haɗa wannan da Amurka. Sai dai ba abin da Zainab ta tambaya ke nan ba. Mu tamu matsalar a fili take: babu jini, babu wuta, babu hanya, ma'aikata sun yi kaɗan. Su duk suna da waɗannan, amma sa'o'insu irin su Jamus da Japan da Holan sun yi musu nisa. To me ke kashe matansu? Ni ma ina son ji daga bakin masu aiki a can.

Malam Bashir (Chicago): Kafin a yi nisa, a duba yadda aka samo lissafin. A 2003 aka ƙara wani ɗan gurbi a takardar shaidar mutuwa, inda ake yin alama idan marigayiyar na da ciki ko ba ta daɗe da haihuwa ba. Jihohi ba su karɓe shi lokaci guda ba, sai 2017 ta ƙarshe ta shigo, kuma duk jihar da ta fara aiki da shi sai adadinta ya yi tsalle. Har takardun tsofaffin da suka daɗe da wuce haihuwa an samu an yi musu alamar ciki bisa kuskure. Rikicin ya kai ga gwamnati ta yi sama da shekara goma ba ta fitar da adadi a hukumance ba. A 2024 wasu masu bincike ƙarƙashin K. S. Joseph suka sake lissafin, suka ƙirga waɗanda aka ambaci ciki a musabbabin mutuwarsu kawai, suka samu wajen 10 cikin 100,000, kuma kusan haka yake tun 1999. Ita kuma 2021 kar a manta shekarar korona ce. Ban ce babu matsala ba, amma a rage firgita masu ciki.

Sista Hauwa (Houston): Malam Bashir, na san binciken nan. Ita kanta CDC ba ta yarda da hanyar da suka bi ba, ta ce tana zubar da mace-macen da ya kamata a ƙirga. Amma mu ɗauka sun yi daidai. A nasu lissafin ma mace baƙa ta ninka fara sama da sau biyu, don haka gurbin takarda bai warware mana komai ba. Ni a ɗakin haihuwa nake aiki, kuma abin da na fi yarda da shi kwamitocin jihohi ne, masu ɗauko fayil ɗin kowace mamaciya su bi shi shafi-shafi. Na jihohi 36, daga 2017 zuwa 2019, sun ce kashi 84 cikin 100 na mace-macen nan da an yi abin da ya dace da an kauce musu. Ga inda nake so kowa ya tsaya ya karanta sau biyu: kashi 22 sun rasu da cikin, kashi 25 ranar haihuwa ko cikin makon farko, kashi 53 kuwa tsakanin kwana 7 da shekara guda bayan haihuwa. Fiye da rabi ke nan sun tafi bayan an yi suna, an ci shinkafa, an watse. Lissafin da Zainab ta kawo ma a kwana 42 yake tsayawa.

Zainab (Maryland): Innalillahi. Ni duk tsorona a kan gadon haihuwa yake.

Sista Hauwa (Houston): A kan gadon nan kina da nas, kina da likita, ga na'ura na ƙara da zarar wani abu ya sauya. Matsalar daga ƙofar fita take farawa. In kin haihu da kanki kwana biyu a sallame ki, in aiki aka yi miki uku ko huɗu. Jariri cikin 'yan kwanaki za a kai shi wurin likitan yara a auna nauyinsa, a duba shawara, ke da kika ɗauko shi kina tafe da ƙyar babu mai ɗaura miki awon jini. Ke sai mako shida. Tun 2018 ƙungiyar likitocin mata ta ƙasar ta ce a riƙa tuntuɓar mai jego cikin mako uku, mai hawan jini ma cikin kwana 7 zuwa 10, amma faɗa daban, aikatawa daban. A wannan tsakanin ne jini ke hawa, gudan jini ya taso daga ƙafa ya toshe huhu, ɗinki ya ruɓe, zuciya ta gaza. Kuma abin da ya fi kowanne yawa a rahoton nan, kashi 23, matsalar ƙwaƙwalwa ce, wato kashe kai da shan ƙwaya fiye da ƙima. A wurin baƙar fata kuwa ciwon zuciya ne a gaba.

Hajiya Talatu (Bronx): Yauwa 'yata, kin zo inda nake jira. Ni ban iya wannan lissafin naku ba, amma na daɗe a ƙasar nan ina ganin masu jego. A gida mai jego ba ta kwana ita kaɗai. Haihuwar fari gidan iyayenta ake mai da ta wanka, in ba haka ba a turo tsohuwa ta zauna da ita har arba'in. Tsohuwar nan ba ta yi boko ba, amma in ƙafar yarinya ta kumbura za ta gani, in jinin biƙi ya sauya wari za ta ji, in yarinya ta daina cin abinci ta zauna tana kallon bango za ta aika a kira mijin. Iyayenmu cewa suke kabarin mai jego a buɗe yake sai ta yi arba'in. Nan fa? Bene hawa na biyar, miji ya fita tuƙin tasi tun asuba, daga ita sai jariri sai waya. Na taɓa shiga wurin wata yarinya, ba a daɗe da yi mata aiki ba, na tarar da ita a durƙushe tana goge banɗaki, hannu ɗaya dafe da ɗinkin. Na ce ke, ina mutanenki? Ta ce Hajiya, Ummana aka hana biza.

Fati (Maraɗi): Hajiya, da girmanki, amma duk da tsofaffin namu ai mu muka fi mutuwa.

Dakta Maryam (Kano): Saboda a nan tsohuwar tana gani, wurin kaiwa ne babu. A can akwai wurin kaiwa, mai ganin ne babu. Hajiya ba ta ce tsohuwa ta maye gurbin asibiti ba.

Maman Ilham (Birmingham, Ingila): To ai a nan gwamnati ce ta zama tsohuwar. Washegarin sallama ungozoma za ta ƙwanƙwasa miki ƙofa, ta duba ɗinki, ta auna jini, ta tambaye ki yadda kike ji a ranki, ta sake dawowa, kuma ko sisi ba ki biya ba. A Holan ma sun fi mu, ma'aikaciya ce ke zuwa gida kullum wajen kwana takwas, ta duba uwa da ɗa har ta taya aikin gida. Hutun haihuwa nan yana kai shekara, ana biyan mako 39 a ciki. Amma kar in yi muku daɗin baki: duk da wannan, rahoton MBRRACE, masu bin diddigin mutuwar masu ciki da masu jego a nan, ya nuna baƙar fata a Birtaniya sun ninka farare kusan sau uku wajen mutuwa, a 'yan shekarun baya ma sau biyar ne. Ke nan ba kuɗin asibiti ne kaɗai ba.

Usman (Atlanta): Na san nan za a zo. Komai aka taɓa a ƙasar nan sai a ce wariyar launin fata. Ku dubi abin da mutane ke ci, ku dubi ƙiba da ciwon suga da hawan jini tun kafin a ɗauki ciki, ga jinkirta haihuwa sai an haura 35 ko 40. Ita CDC ɗin ai ta nuna 'yan shekara 40 zuwa sama sun fi kowa mutuwa nesa ba kusa ba. Sannan mu baƙi ba ɗaya muke da baƙaƙen da aka haifa a nan ba. Akwai binciken David da Collins na 1997 da ya nuna jariran matan da aka haifa a Afirka nauyinsu ya fi kusa da na fararen fata. Matata sau uku tana haihuwa a nan, babu wanda ya yi mata kallon banza.

Zainab (Maryland): Allah ya raya su, Malam Usman. Amma bari in tambaye ka, 'yan tseren Olamfik ƙiba gare su? Mata huɗu ne suka ci wa Amurka zinare a gudun miƙa sanda na mita 100 sau huɗu a Rio a 2016. Tori Bowie an tsinci gawarta a gidanta a Florida a 2023, da cikin wata takwas, shekarunta 32, kuma rahoton binciken gawa ya ambaci jijjiga. Allyson Felix a 2018 sai da aka ciro mata 'ya a mako 32 saboda hawan jinin ciki. Tianna Bartoletta ma da ƙyar ta sha a tata haihuwar. Uku cikin huɗu.

Sista Hauwa (Houston): Malam Usman, ƙiba da shekaru da suga duk gaskiya ne, kullum da su muke fama. Amma ba su cike giɓin ba. CDC ta duba 2007 zuwa 2016, ta ga baƙar mace mai digiri ta ninka farar mace mai digiri sau biyar wajen mutuwa, har ma ta fi farar da ba ta gama sakandare ba. Binciken da ka kawo kuma a kan nauyin jariri yake, ba a kan wa ake saurara in ta ce numfashina ba. Wadda ke zaune a tagar imajansi ba ta duba fasfo. 'Yar wasan tanis Serena Williams ta haihu ta hanyar aiki a Satumban 2017, washegari numfashi ya fara yi mata wuya. Ta san ciwonta, don ta taɓa yin gudan jini a huhu. Ta ce wa nas a yi mata hoton CT a ɗaura mata heparin, maganin hana jini daskarewa, nas ta ɗauka maganin ciwo ne ya ruɗa ta. Sai da aka fara duba ƙafafunta ba a ga komai ba, sannan aka yi hoton da ta nema, sai ga gudajen jinin a huhu. Ni ba na cewa abokan aikina mugaye ne, yawancinsu mutanen kirki ne da aiki ya yi wa yawa. Amma a 2016 a Jami'ar Virginia an tambayi ɗaliban likita da sababbin likitoci farare, wajen rabinsu sun yarda da aƙalla ƙarya ɗaya a kan jikin baƙar fata, irin cewa fatarmu ta fi kauri. Mai wannan tunanin ba sai ya tsane ki ba, ya ishe shi ya ga za ki iya jira.

Usman (Atlanta): Na ji, amma har yanzu ina ganin ana ɗora wa launi fiye da kasonsa.

Maman Hanif (Columbus): Ni ba na Serena zan ba ku ba, nawa zan bayar. Ana gobe sunan Hanif kaina ya fara sarawa, irin ciwon da Tylenol ba ya taɓawa, ina ganin walƙiya-walƙiya, zobena ya ƙi fita daga yatsa. Na kira layin asibitin da na haihu, wadda ta ɗauka ta ce rashin barci ne, in sha ruwa in kwanta. Ga baƙi sun fara isowa, ga cincin ba a gama soyawa ba, Baban Hanif yana wurin aikin dare. Maƙwabciyata 'yar Somaliya ce ta shigo, ta kalli fuskata, ta koma ta ɗauko na'urar awon jini ta mahaifiyarta. Da ta ɗaura min sai ga 172 bisa 114. Ko magana ba ta yi ba, makullin mota ta ɗauka. A imajansi na ce musu kaina ke ciwo, aka ce in zauna in jira. Ita ce ta koma wurin tagar ta ɗaga murya ta ce matar nan ko mako ba ta yi da haihuwa ba. Nan take aka turo keke. Aka ɗaura min ruwan magnesium na hana jijjiga yini da kwana, jikina ya ɗau zafi, ko ido ba na iya buɗewa sosai. Ina kwance a gadon asibiti aka raɗa wa yaron suna, ta waya na ji addu'ar.

Hajiya Talatu (Bronx): Allahu akbar. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da Aljanna.

Sista Hauwa (Houston): Amin. Ku lura da maganar da ta buɗe mata ƙofa. Duk asibitin da kika shiga, ko haƙori ne ya kai ki, fara da cewa na haihu a wata kaza, har shekara ta zagayo. Hawan jinin ciki yana iya tasowa bayan an sauka lafiya, ko da duk awonki lafiya lau ne. In ya kai 140 bisa 90 ki kira likita a ranar, in ya kai 160 bisa 110 ba kira ba ne, tafiya ce. Haka ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi, haki, ciwon ƙirji, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, zazzaɓi, jinin da ke jiƙa audugar mata cikin awa guda, ko tunanin cutar da kanki ko jaririn. Akwai layin masu ciki da masu jego na kyauta dare da rana don damuwar rai, 1-833-852-6262. Sai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. An raine mu a kan dauriya, naƙudar fari in kika yi ihu har ki tsufa ana yi miki gori. Na sha ganin 'yar'uwarmu tana zufa, ta cije leɓe, an tambaye ta ciwon daga 1 zuwa 10, ta ce 3. To 3 ɗin za a rubuta, likita kuma 3 zai karanta. Ga masu sa maigida ya yi musu tafinta, su kasa faɗin yawan jinin da ke zuba don kunya. Ku nemi tafintan asibiti, ta waya ake kira kuma ba a biya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Zainab (Maryland): Anti Hauwa, na yarda, amma kar laifin ya dawo kan matar. Shalon Irving a CDC ɗin kanta take aiki, mai digirin digirgir, kuma bambancin lafiya tsakanin jinsuna shi ne aikinta. Ta haihu a Janairun 2017, ta yi ta komawa asibiti da kumburin ƙafa da ciwon kai da jini a sama, ana mai da ta gida. Mako uku da haihuwa ta yanke jiki ta faɗi, sa'o'i kaɗan bayan ganin ma'aikaciyar lafiya, ba ta tashi ba. Wannan ba ta yi kunya ba, ba ta nemi tafinta ba.

Sista Hauwa (Houston): Haka ne ƙanwata. Shi ya sa nake cewa kar mai jego ta je asibiti ita kaɗai. Mara lafiya ba ta da ƙarfin faɗa.

Hajiya Talatu (Bronx): Ni dai duk yarinyar da ta haihu a unguwarmu sai na je mata da ƙauri da kunun kanwa. Kanwar ma daga gida ake kawo min, ungurnu mai kyau. Da shi muka yi jego, ga mu nan da ranmu.

Sista Hauwa (Houston): Hajiya, ƙaurin na yarda, kanwar ce nake tsoro.

Hajiya Talatu (Bronx): Kun fara ko? Da ruwan zafi kuka hana, yanzu kanwa.

Dakta Maryam (Kano): Mama, bari in shiga tsakani, don wannan maganar tamu ce ta gida. Akwai ciwon da zuciya ke yin rauni a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya na cikin inda ya fi yawa a duniya. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry sun rubuta shi a Zariya, wajen mace ɗaya cikin 100, suka danganta shi da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa da kunun kanwa. An daɗe ana koyar da haka. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na nan Kano ya jagoranci bincike a asibitocin Najeriya da dama, aka buga a 2020, bai samu alaƙa tsakanin ciwon da wankan ko kunun ba. Abin da ya fito shi ne rama, rashin karatu, rashin sana'a da hawan jinin ciki. To kin ga an ɗan wanke ki. Amma kanwa gishiri ce, kuma mace irin Maman Hanif da jininta ya kai 172 ba a ƙara mata gishiri. Shi wannan ciwon zuciyar a Amurka ma baƙar fata ya fi kamawa, kuma yana ɓuya ne a cikin gajiyar jego. Alamarsa mace ta kasa kwanciya sai ta tara matasai, tari cikin dare, haki daga ɗaki zuwa kicin. Tunda kina shiga gidajen nan, ki riƙa tambayarsu a kan matasai nawa suke barci.

Hajiya Talatu (Bronx): To wannan magana ce. Likita Allah ya yi miki albarka.

Malam Bashir (Chicago): Na dawo, kuma wannan karon ba musu na kawo ba. Ku dubi ɓangaren kuɗi. Wajen haihuwa 4 cikin 10 a ƙasar nan Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ke biya, kuma da, kwana 60 bayan haihuwa ake yanke wa uwa. Ku haɗa wannan da kashi 53 ɗin Sista Hauwa. Sai dokar 2021 ta ba jihohi damar tsawaita shi zuwa wata 12 daga Afrilun 2022, yanzu kusan duk sun karɓa. Hutun haihuwa kuwa dokar tarayya ta 1993 mako 12 ta bayar, babu albashi, kuma ba kowane ma'aikaci ta shafa ba. Matanmu masu aikin kula da tsofaffi a gidaje ko kitso a shago, ranar da ba su fita ba babu kuɗin haya. Masu inshorar wurin aiki ma, a ƙiyasin 2022, ciki da haihuwa sun ci wajen dala 19,000, kusan 3,000 daga aljihunsu. Ƙungiyar March of Dimes mai rajin lafiyar uwa da jariri kuma a 2024 ta ce sama da kashi ɗaya cikin uku na gundumomin ƙasar babu asibitin haihuwa babu likitan mata ko ungozoma. Abu ɗaya da nake so 'yan'uwa marasa takardu su sani: dokar 1986 ta wajabta wa imajansi duba mutum da ceto shi, da inshora ko babu. Takardar bashi ta biyo baya, a ji da ita da rai.

Rabi (Dallas): Tunda an taɓo doka, mu a Texas akwai wani tsoron. Tun da aka tsaurara dokar zubar da ciki, mai ɓari ma abin na shafarta. Josseli Barnica a Houston a Satumban 2021, cikin mako 17 ya lalace, bakin mahaifa a buɗe, aka bar ta wajen awa 40 ana jiran bugun zuciyar ɗan ya tsaya. Kwana uku bayan nan ƙwayar cuta ta kashe ta. Cikin nan fa tana son abinta.

Usman (Atlanta): Don Allah kar a mai da wannan siyasa.

Rabi (Dallas): Ba siyasa na kawo ba Malam, ɓari na kawo. Wa ke cikinmu da bai san wadda aka yi wa wankin ciki ba?

Dakta Maryam (Kano): Akwai abin da ya ba ni sha'awa da na karanta labarin Kalifoniya. A 2006 suka kafa haɗakar asibitocin haihuwa a Jami'ar Stanford, zuwa 2013 mutuwar ta sauka daga kusan 17 zuwa 7 cikin 100,000. Ba wata sabuwar na'ura suka ƙirƙiro ba. Keken kayan tsayar da jini suka ajiye a kowane ɗakin haihuwa, suka riƙa atisaye, suka daina ƙiyasta jini da ido, suka koma ɗora auduga da zanen gado a sikeli. Mu ma nan abin da binciken E-MOTIVE ya nuna ke nan, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranta a ɓangaren Najeriya: leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, da zarar jini ya kai layi a haɗa magunguna gaba ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba. Asibitoci 80 a ƙasashe huɗu, aka buga a 2023, mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Ido yana yaudarar likita, a Kano ko a Los Angeles.

Sista Hauwa (Houston): Sikelin nan muna da shi, kuma yana aiki. Amma ko a Kalifoniyar giɓin baƙi da farare bai rufe ba. Sikeli a asibiti yake, ba ya bin mace gida.

Rabi (Dallas): Dakta, ni cikina wata uku, a na fari na yi hawan jini. Wata ta ce min in fara shan asfirin.

Dakta Maryam (Kano): Ba ta yi ƙarya ba, amma ba a bakinta za ki karɓa ba. Ga mai tarihi irin naki ana ba da ƙaramin asfirin, a can mai miligiram 81 ne, daga mako 12 zuwa sama. Ki tayar da maganar da kanki a awo na gaba, kar ki jira a tuna miki.

Zainab (Maryland): To ni shawara gare ni. Kuɗin da muke tarawa na atamfar suna, a cire kaɗan a sayi na'urar awon jini, ba ta da tsada, a bar ta a hannun mai jego har ta yi arba'in sannan ta miƙa wa ta gaba. Kuma kowane gari a samu mata biyu ko uku da za su riƙa leƙawa, ba ranar suna ba, bayan suna. Masu so su rubuta sunansu da garinsu.

Maman Hanif (Columbus): A sa ni, Columbus. Asabar da Lahadi ba na aiki.

Usman (Atlanta): Na'ura biyu a kaina. Maganar launi dai ina nan a kan bakana.

Malam Bashir (Chicago): A sayi ta dantse, ba ta wuyan hannu ba, kuma a duba girman abin ɗaurawar. In ya yi wa hannu kaɗan yana ƙara lamba.

Maman Sadiq (Newark): Salamu alaikum, yanzu na gama karantawa. Akwai matar ƙanin maigidana da aka sallamo jiya, aiki aka yi mata, haihuwar fari. Ni ina aikin kwana har Alhamis, mijin kuma babbar mota yake tuƙawa, ya tafi Ohio. Akwai na kusa?

Hajiya Talatu (Bronx): Turo min adireshin a keɓe, gobe bayan azahar zan hau jirgin ƙasa. Wani ya aro min na'urar, tawa ta lalace.

Sista Hauwa (Houston): Hajiya, in kin auna ki ɗauki hoton lambar ki turo min, ki kuma dubi ƙafafunta biyu ki ga ko ɗaya ta fi ɗaya. Kanwar a bar ta a jaka sai na gani.